Shin Rashin Nauyi Na Hana Risiba Kaiwa Gaci a NFL?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah da ƙaninsa ke karatun sakandare a Amurka. Yaron shekararsa 17, tsayinsa ƙafa 6, nauyinsa kilo 73. Yana buga wa makarantarsu ƙwallon Amurka a gurbin risiba, wato ɗan wasan nan da ke tsayawa can gefe, ya sheƙa a guje, mai jifa ya wurgo masa ƙwallo ya cafe. Kocinsa ya ce sai ya ƙara kilo 10 kafin wata babbar jami'a ta dube shi, balle a yi zancen NFL, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka. Shi kuwa yayan so yake ya ji ko da gaske nauyi ne ke raba risiban da ya yi suna da wanda ya ɓace.

Malam, kocin bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin magana. Abin da nauyi ke yi shi ne ya zaɓa wa risiba irin aikin da za a iya ba shi a fili, ya kuma ƙayyade yawan kuskuren da za a yafe masa. Wanda ya yi suna da wanda ya ɓace kuwa, wani abu ne daban ke raba su: iya kuɓuce wa mai tsaronka daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannun mai jifa, da riƙe ta idan ta iso.

Mu fara da kulob ɗaya, don kada a ce bambancin mai jifa ne ko na koci. A kakar 2022, Philadelphia Eagles na da risiba biyu. A.J. Brown, wanda aka auna kilo 102 da ɗoriya lokacin da zai shiga NFL, mutum ne kamar an sassaƙa shi da gatari. DeVonta Smith kuwa kilo 75 sikeli ya nuna a 2021, wato laba 166 a ma'aunin Amurkawa, ga shi tsayinsa ƙafa 6, ƙwaurinsa kamar sillen kara. Mai jifa ɗaya, Jalen Hurts, shi ke ciyar da su duka. Brown ya gama kakar da yadi 1,496 (jimillar tazarar da ya ci a fili da ƙwallayen da ya cafe), Smith ya cafe ƙwallo 95 da yadi 1,196. Kilo 27 ne tsakaninsu, kusan rabin buhun siminti da ɗoriya, amma kowa ya haura dubu. Kafin a ɗauki Smith an yi ta ce-ce-ku-ce a kan sirantakarsa, duk da cewa shi ya lashe kyautar Heisman ta 2020, wato ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a jami'ar Alabama da cafewa 117, yadi 1,856 da tacdawun 23 (wato kai ƙwallo bayan layin ci), kyautar da wani risiba bai samu ba tun Desmond Howard a 1991. Shi ma ya san inda ake jiransa, shi ya sa ya ƙi hawa sikeli a wasan Senior Bowl, inda ake tara fitattun 'yan wasan jami'a masu shirin shiga NFL. Eagles suka ɗauke shi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021, kuma a watan Fabrairun 2025 ya cafe tacdawun mai yadi 46 a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, inda suka doke Kansas City Chiefs 40 da 22.

In kuma ka duba kakanni biyar mafi yawan yadi da risiba ya taɓa yi har zuwa ƙarshen kakar 2024, za ka ga jikuna iri-iri. Calvin Johnson ne a sama da yadi 1,964 a 2012, ƙato mai ƙafa 6 da inci 5 da kilo 108. Sai Cooper Kupp da 1,947 a 2021, mai kimanin kilo 94. Sai Julio Jones da 1,871 a 2015, kilo 100. Sai Jerry Rice da 1,848 a 1995, kilo 91. Na biyar Antonio Brown ne da 1,834 a 2015, ɗan ƙafa 5 da inci 10 mai kilo 84, wanda sai a zagaye na shida aka ɗauke shi a 2010, bayan an wuce shi sau 194. Tsakanin na farko da na biyar akwai kilo 24.

To me nauyi ke saya wa mutum? Abu na farko, kuma mafi girma, yana faruwa ne cikin daƙiƙa ɗaya da fara wasa. Doka ta ce dole masu kai hari su jera mutum bakwai a kan layi. Risiban da ke cikin waɗannan bakwai, wanda ake kira X, ba shi da damar ja da baya ko motsawa kafin a saki ƙwallo. Mai tsaron gefe kan zo ya tsaya masa hanci da hanci, kuma doka ta ba shi izinin sa masa hannu a ƙirji cikin yadi biyar na farko. Nan ake dambe na gaskiya. In mai tsaro ya samu ƙirjinka ya jinkirta ka rabin daƙiƙa, lissafin ya rushe, domin mai jifa yakan saki ƙwallo ne cikin daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku, kuma yana jefa ta ne inda ya kamata ka kasance, ko kana can ko ba ka can. Mai kilo 100 zai iya bangaje hannun ya wuce. Mai kilo 75 ba shi da wannan gatan, dole ƙafarsa da kafaɗarsa su yaudari mai tsaron har hannun ya daki iska. Smith gwani ne a wannan, ga dogayen hannaye da yake kaɗe na abokin karawa da su. Amma ka lura, shi sai ya yi daidai kowane karo, alhali ƙaton ko ya yi kuskuren taku ƙarfinsa na iya fitar da shi.

Na biyu shi ne ƙwallon da ake rububi a kanta a sama, musamman kusa da layin ci, inda fili ya ƙare, gudu ya daina amfani. A nan mutum kan sa jikinsa ya tare mai tsaro kamar yadda ɗan gaba a ƙwallon ƙafa ke ba ɗan baya bayansa. Mike Evans na Tampa Bay, mai ƙafa 6 da inci 5 da kilo 105, da irin wannan sana'a ya jera kakanni 11 daga 2014 zuwa 2024 bai taɓa sauka ƙasa da yadi 1,000 ba. Sai kuma abin da ke biyo bayan cafewa: Anquan Boldin bai da gudu, daƙiƙa 4.71 ya yi a tseren yadi 40, amma kilo 98 ne na tsoka zalla, kayar da shi sai an yi taron dangi. Ya cafe ƙwallo 101 a shekararsa ta farko, 2003. Akwai kuma aikin tare hanya idan ɗan'uwanka ne ke gudu da ƙwallo, aikin da ba a nuna shi a taƙaitattun hotunan wasa amma koci na ƙirga shi. Sau da yawa shi ne dalilin da ake cire ƙaramin risiba daga fili a wasu lokuta, kuma wanda ba ya fili ba ya cafe komai.

Yanzu kuɗin da ake biya. Sana'ar risiba rabinta birki ne. Ka ruga yadi 12 kamar za ka wuce, ka tsaya cak cikin taku biyu ko uku, ka yanke. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur da buhun masara a baya ya san yadda birki ke canja hali idan kaya ya ƙaru. Haka jiki yake. Kowane kilo da ka ƙara, sai cinya da gwiwa da idon sawu sun samar da ƙarin ƙarfin tsayar da shi, in ba haka ba takun birkinka ya koma huɗu ko biyar, kuma taku ɗaya ya ishi mai tsaro ya gane inda ka nufa. DK Metcalf misali ne mai daɗin bayani. A awon da ake yi wa masu shirin shiga NFL na 2019 ya zo da kilo 103, ya yi yadi 40 cikin daƙiƙa 4.33, abin al'ajabi. Da aka zo gwajin kewaya alamomi uku, wanda ke auna kwana da yankewa, ya yi 7.38, ya ma fi shahararren mai jifa Tom Brady jinkiri, shi da ya yi 7.20 a 2000, kuma Brady ba a taɓa yi masa shaidar zafin ƙafa ba. Metcalf ya zame har lamba ta 64. Seattle suka yi hankali, ba su nemi ya zama abin da ba shi ba ne: suka ba shi hanyoyin miƙewa da na yanka sau ɗaya, ya yi yadi 1,303 a 2020. Nauyin bai hana shi ba, amma shi ya rubuta jerin hanyoyin da zai bi.

Inda nauyi ke kashe sana'a kai tsaye shi ne idan ya zo daga faranti, ba daga ɗakin ɗaga ƙarfe ba. Mike Williams na jami'ar USC, wanda Detroit suka ɗauka na 10 a 2005, ya sha fama da ƙiba, ya cafe ƙwallo 37 kacal cikin kaka biyu, daga baya ya yi shekara biyu cur ba ya cikin NFL. Da ya rage jiki ya dawo wasa a Seattle a 2010 wurin tsohon kocinsa Pete Carroll, sai ga shi da cafewa 65. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, jiki biyu. Kelvin Benjamin ya shigo Carolina a 2014 da kilo 109, ya yi yadi 1,008 a shekarar farko, jijiyar gwiwa ta tsinke a 2015, surutun ƙiba ya biyo baya, bayan 2018 bai sake buga wasan gasa ba. Ko tsokar ma in ta wuce ƙima matsala ce. David Boston ya fi kowa yadi a 2001 da 1,598, ya dage da gina jiki har ya koma kamar mai gasar nuna ƙwanji, daga nan rauni ya bi rauni, bai sake kusantar wannan adadi ba.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne darajar nauyi ba a tsaye take ba, dokoki ne ke ɗaga ta su sauke ta. Kafin 1978 mai tsaro na iya dukan risiba tun daga layi har ƙarshen fili muddin ƙwallo ba ta tashi ba. Mel Blount na Pittsburgh, ƙato mai ƙafa 6 da inci 3, ya ƙware wajen murƙushe mutane haka har dokar da ta taƙaita taɓawa zuwa yadi biyar ake kiranta da sunansa. A Janairun 2004, masu tsaron New England suka yi ta riƙe risibobin Indianapolis Colts a wasan kusa da na ƙarshe, ciki har da Marvin Harrison, siriri mai kilo 80 da 'yan kai wanda ya cafe ƙwallo 143 a 2002. Colts suka yi ƙorafi, kakar da ta biyo aka umarci alƙalai su tsaurara hukuncin taɓawa bayan yadi biyar. Sai ranar 17 ga Oktoba 2010, da Dunta Robinson na Atlanta ya yi karo da DeSean Jackson, mai kilo 77, dukansu suka kwanta da buguwar ƙwaƙwalwa. A makon aka ci tarar 'yan wasa uku manyan kuɗi, aka kuma ƙara matsa kariya ga risiban da hankalinsa ke kan ƙwallo. Tsakiyar fili, wadda a da ƙaramin mutum ke shiga da addu'a a baki, ta zama wurin neman abinci.

Kociyoyi ma sun koyi ɓoye ƙaramin jiki. Risiban da ake kira Z yana tsayawa taku ɗaya bayan layi, yana da izinin motsawa kafin a fara. Ɗan lungu, wanda ke tsayawa tsakanin ƙattan layi da risiban gefe, shi ma yawanci a baya yake, ga hanya hagu da dama. Wes Welker, ƙafa 5 da inci 9, wanda babu kulob ɗin da ya zaɓe shi a 2004, daga wannan lungun ya jagoranci NFL a yawan cafewa har sau uku. Miami kuwa a 2023 sukan sa Tyreek Hill ya fara gudu gefe tun kafin a saki ƙwallo, yadda mai tsaro ba zai taɓa samun ƙirjinsa ba, ya gama da yadi 1,799. Saboda haka idan tsohon koci ya ce siriri ba ya rayuwa a wannan wasa, wataƙila gaskiyar zamanin da ya taso yake faɗa.

Amma kada a ɗauki misalan nan a yi gaba da su, don akwai tarko a ciki. Sirantattun da muke gani a NFL an tace su da rariya mai ƙananan ido. Kulob ba ya kashe babban zaɓe a kan mai kilo 75 sai ya ga abin da ba a saba gani ba: Smith da Heisman a hannu, Xavier Worthy da ya kafa tarihin daƙiƙa 4.21 a tseren yadi 40 a 2024. Ɗaruruwan masu irin jikinsu da ke da kyau amma ba su kai haka ba, ba a ma gayyace su awo ba, don haka ba sa cikin kowane lissafi. Ƙato kuwa ana ba shi dama ta biyu da ta uku saboda ido na son girma. N'Keal Harry, mai kilo 103, New England suka ɗauke shi a zagayen farko na 2019 saboda iya ƙwace ƙwallo a cunkoso. Abin da aka manta shi ne mutumin da kullum ke cafewa a cunkoso a jami'a, sau da yawa don ya kasa kuɓucewa ne. Bai taɓa yin ko yadi 400 a kaka guda ba. Su ma ƙanana suna da nasu gawarwakin: Tavon Austin, kilo 79, na 8 a zaɓen 2013, ya yi shekaru a NFL amma kakarsa mafi kyau yadi 509 ce. Shi gudunsa da zillewarsa ba su da na biyu, sai dai bai zama mai tsara hanya ba, kuma jikinsa bai ba shi wata sana'ar da zai jingina da ita ba. Wannan shi ne abin da nake nufi da yawan kuskuren da za a yafe maka.

Lambar sikelin ma kanta ba abar rantsuwa ba ce. Sananne ne cewa masu ƙaramin jiki kan cika ciki da ruwa da abinci kafin awo, wasu su ƙi yin tsere a ranar, su bari sai sun sauke. Nauyin da kulob ke rubutawa a takarda kuma kan zauna shekaru ba a taɓa shi ba. Sannan kilo ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da tsayi. Hill da Antonio Brown da Steve Smith na Carolina duk wajen kilo 84 ne, ana kiransu ƙanana, amma gajeru ne curarru, in ka raba nauyin Hill da tsayinsa a ma'aunin BMI zai ba ka kusan 26 da rabi, ba nisa sosai da 28 na Calvin Johnson. DeVonta Smith kuwa 22 da rabi ne. Shi ne na daban da gaske, kuma jikin ƙaninka nasa ya fi kama, ba na Hill ba.

Batun rauni fa, wanda na san shi ne ke cikin zuciyarka a matsayinka na yaya? Hankali na cewa idan mai kilo 75 ya yi karo da mai kilo 105, ƙaramin ne zai fi jin jiki, kuma haka ne. Tank Dell na Houston, kilo 75, ya karye a ƙafa a Disamban 2023 lokacin da aka sa shi tare hanya a cunkoson bakin layin ci, inda ni a ganina bai kamata a tura mai irin jikinsa ba. Amma mummunan raunin gwiwar da ya samu bayan shekara guda, abokin wasansa ne ya faɗo masa a ƙafa, abin da zai karya kowa. Ƙattan kuma ba su tsira ba. Calvin Johnson ya ajiye wasa yana da shekara 30, yatsu da gwiwa da idon sawu duk sun gaji. Julio Jones ya sha fama da tafin ƙafa da jijiyar bayan cinya. Babban jiki ya fi jure duka, amma gaɓoɓinsa ke ɗaukar dakon kowace tsayawa da kowace dira. Siririn da ya daɗe, irin su Harrison, za ka ga ya iya faɗuwa: ya cafe, ya kwanta ko ya fita layi kafin guduma ta sauka. Wasu na kiran wannan tsoro. Harrison ya buga kaka 13 da shi.

Gaskiya ne mafi yawan fitattun zamanin nan a tsakiya suke, wajen kilo 88 zuwa 95. Justin Jefferson da Ja'Marr Chase duk kimanin kilo 91 ne, daidai da Rice. Wannan jiki ne da ke iya tsayawa a X, ya koma Z, ya shiga lungu, koci bai da buƙatar ɓoye shi. Shi ya sa kocin ƙaninka ke hango wannan adadi. Sai dai zama a tsakiyar ma ba lasisi ba ne. Nelson Agholor, haifaffen Najeriya da Eagles suka ɗauka a zagayen farko na 2015, kilo 90 ne cif, jiki kamar an zana, amma shekarunsa biyu na farko sun tafi a fama da suɓucewar ƙwallo daga hannu. Sai da aka mayar da shi lungu a 2017 ya farfaɗo, har ya cafe ƙwallo tara a Super Bowl ɗin da suka ci New England.

Game da yaron, ga abin da zan yi da nawa ne. Shekara 17 jiki bai gama cika ba, yawancin samari masu irin tsayinsa kan ƙara nauyi da kansu zuwa shekara 21 ko 22 in suna ɗaga ƙarfe suna cin abinci sosai, don haka kilo 10 ɗin zai iya zuwa, amma a shekara uku ko huɗu, ba a hutun bazara ɗaya ba. Ya sa ido a kan kilo biyu zuwa uku a shekara. Duk wata biyu a auna abu uku tare da sikeli: gudun yadi 10 na farko, tsallen sama daga tsaye, da gwajin kewaya alamomi. In kilo ya hau waɗannan suka tsaya yadda suke ko suka gyaru, naman na kirki ne, a ci gaba. In kilo ya hau tsalle ya ragu, a dakata, an fara ɗora wa babur kaya. Ya nisanci duk wani gari ko ƙwaya da wani zai miƙa masa a ɗakin motsa jiki ba tare da likita ko masanin abinci na makaranta ya gani ba, domin jami'o'in Amurka na gwajin haramtattun sinadarai, kuma yaro ne zai ɗauki hukuncin, ba mai sayarwa ba.

Lokacin da ya rage ya zuba shi a kan taku uku na farko daga layi. Ya samu abokin da ya fi shi ƙarfi ya tsaya masa a gaba kullum, ya yi ta ƙoƙarin wucewa ba tare da an taɓa lambar rigarsa ba, hagu da dama, har ya zama ba ya tunani. Ka kuma ce ya tambayi kocin a wane gurbi yake ganinsa, X ko Z ko lungu. In kocin ya ce X, to maganar kilo 10 tana da tushe, sai a bi ta a hankali. In ya ce lungu ko Z, kilo huɗu ko biyar na tsoka a cinya da baya da wuya sun ishe shi shiga jami'a, sauran su same shi a can.